Kawu Galaɗ da Safar Hannun Idi Gajere

Wata bakwai ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Sau huɗu ina fara wannan rubutu ina yagawa, domin an hana mu tona asirin mamaci, kuma abin da zan faɗa a kan Kawu Bala akwai tonon asiri a ciki. Na tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce in yi shiru. Ɗaya ya ce tunda mamacin ne da bakinsa ya sa ni, in faɗa. Na shirya zan tafi wurin na uku ya raba gardama, sai matata ta ce in na je wurin na uku zan nemi na huɗu, har in mutu ban rubuta ba. Gaskiyarta. Ga ciwon suga, ga hawan jini, ban san ranar da zan bi Kawu ba. Ni Haruna ne, ɗan ƙanwarsa, mai wanki da guga a unguwar Shisha da ke Makka. Karatuna bai wuce firamare ba, duk inda kuka ga rubutun ya karkace ku yi mini afuwa.

Ga abin da ke wuyana. Kawu ya bar mini amana: wata tsohuwar safar hannu ta fata, da littafi ɗaya, da saƙon baki, in kai wa wani mutum mai suna Idi Gajere. Haƙƙin mutumin nan yana kan Kawu. Ya yi shekara fiye da hamsin yana nemansa ya roƙi gafara, bai same shi ba, har aka kai shi makwancinsa. Yanzu neman ya dawo kaina, ni da ko unguwar Aziziyya ba na shiga ba tare da na ɓace ba.

Duk wanda ya zauna a Shisha ya san Kawu, ko da bai san sunansa na yanka ba. Kawu Galaɗ, wato kuskure da Larabci. Ka yar da cokali, ka saki mabuɗi, ƙwayar dabino ta suɓuce maka, to ko daga ƙarshen layi ne za ka ji muryar nan kamar ta mai kiran salla: "Galaɗ!" Ya ɗaga yatsa ɗaya sama, fuska ba dariya. Larabawan bagala, masu kantunan unguwa, sun saba har su ma suna kwaikwayonsa. Rannan Goggo Zulai, matarsa, ta saki kofin shayi ya fashe.

"Galaɗ!" in ji Kawu.

"To rubuta, Malam," ta ce. "Ka haɗa da ranar da na yarda na aure ka."

Kawu ya yi nazari, kamar alƙali. Can ya ce, "A'a, Zulai. Wannan ba naki ba ne. Na waliyyinki ne."

Ba wasa yake yi ba, wallahi. A wurinsa kuskure abu ne da sai an binciki mai shi. Waɗanda suka halarci walimar sunan jikan wani attajirinmu, ba zan kama suna ba, za su tuna. Ƙanin mai gidan ya ɗauko babban faranti na shinkafa da rabin rago a kai, santsi ya kwashe shi, faranti ya kife a gaban liman. Kowa ya juya yana jiran Kawu ya yi ihunsa. Shiru. Sai muka ga tsoho ya miƙe, ya durƙusa da rarrafe, yana shafa tayil da tafin hannu, yana sunsunawa.

"Ba galaɗ ba ne!" ya ce. "Mai ne a ƙasa. Wa ya zubar da mai?"

Aka ce, "Kawu, ma'alesh, a bar maganar, ga wani faranti yana zuwa."

"Ba za a bar ta ba. Mutum ya faɗi a gaban jama'a, har abada za a ce shi ne ya kifar da rago. Wa ya zubar?"

Rabin awa yana bin baƙi ɗaya bayan ɗaya yana duba takalmansu, abinci yana hucewa. Ƙarshe ya gano mai gidan ne da kansa. Ya nuna shi da yatsa a gaban surukansa: "Galaɗ!" Tun daga ranar katin gayyata ya daina sanin ƙofar Kawu.

Ga waɗanda ba su san asalin wannan hali ba, dole in yi bayani, ko da yake ni ma ban taɓa ganin wasan da idona ba sai a waya. Yana saurayi Kawu ya tafi gabas, wajen rijiyoyin mai, ya sami aiki da wasu 'yan kwangila yana kula da filin wasan Amurkawa. Besbol ake ce wa wasan. Wani ya jefo ƙwallo mai tauri kamar dutse, wani ya make ta da kulki ya ruga da gudu, yana taka wasu fararen abubuwa masu kama da matashin kai da aka girke a fili. Abokan hamayya kuma suna tsaye da safar fata a hannu ɗaya, su cafke ƙwallon su riga shi. Kowane matashi yana da mai gadinsa. Akwai kuma mutum guda a gefe da littafi. In mai gadi ya saki ƙwallon da ya kamata ya kama, sai a rubuta masa kuskure a gaban sunansa. Ba a gogewa. Ya tsufa, ya bar wasa, ya mutu, lissafin yana nan. Da Amurkawan suka ga Kawu yana da ido da hannun rubutu, sai suka koya masa riƙe littafin.

Ya dawo Makka da wannan ciwo a ƙirjinsa, garin da ba mai sanin wasan. Abin mamaki, bai damu da wa ya ci wa aka cinye ba. Masu gadin matashi na biyu kawai yake bi, na ƙwararrun ƙungiyoyin Amurka, kuma kurakuransu kawai yake tarawa. A da, Jidda yake zuwa takanas ya tsinto tsofaffin jaridun Turanci waɗanda ake naɗe kaya da su. Da waya ta zo sai ya dawo kaina. Kullum bayan la'asar ga shi a shagona, ya ture kayan mutane ya zauna.

"Haruna Wayyo, ajiye dutsen gugar nan, buɗe mini."

"Kawu, rigar mutum ce, yana zuwa yanzu."

"Riga ba ta mutuwa. Buɗe."

In buɗe masa jerin sunayen, kowane suna da adadin kurakuran da ya tara tsawon rayuwarsa a fili. Ba zan kawo sunayen ko adadin a nan ba, ina tsoron in ƙara wa wani abin da bai yi ba. Kawu ya bi su da yatsa, yana girgiza kai kamar mai karanta sunayen waɗanda suka rasu a hatsari. Wata rana ya buga cinya har na saki dutsen guga.

"Ka gani? Waɗanda ke can saman jerin duk mutanen da ne! Lokacin fili duk rami ne da tsakuwa, safar hannun kuma ba ta fi ta mai gasa tsire ba. Mutum ya yi shekara da shekaru yana tsugune ƙwallo tana fasa masa yatsu, abin da ya rage masa a duniya shi ne ya fi kowa galaɗ. Wa ya duba filin? Ina sunan mai share filin? Babu!"

"Kawu, ai sun mutu tuntuni."

"Shi ya sa, sakarai. Mai rai zai iya musu."

Har addu'a yake yi musu. Wani malamin unguwa ya taka masa birki a shagona, ya ce Alhaji Bala, mutanen nan fa ba Musulmi ba ne, ba a nema musu gafara. Kawu ya ce shi bai nema musu gafara ba, cewa ya yi Allah ya bi musu kadin abin da aka rubuta musu bisa zalunci. Malam ya miƙe. Ya karɓi rigarsa ya fita, bai ko bari na ƙarasa guge hannun hagu ba.

Safar hannun kuwa a cikin akwatin ƙarfe take, ƙarƙashin gadonsa. Duk Juma'a kafin ya tafi Harami sai ya fito da ita ya shafa mata man shanu. Ba kowane man shanu ba, wanda alhazai ke kawo wa Goggo tsaraba daga gida. Mutumin da ke jiƙa ganyen shayi ɗaya sau uku, wanda ya yi shekara goma sha da takalmi ɗaya yana ɗaure shi da waya! Goggo ta ce, "Ni ban shafa a ƙafata ba, ban zuba a miya ba, sai matacciyar saniya ce za ta sha." Ya ce, "Ba tawa ba ce, Zulai. In mai ita ya zo ya tarar ta tsage, me zan ce masa?"

A lokacin abin da na sani ke nan: safar ta wani Idi ce, abokin aikinsa a gabas, Bahaushe ɗan wajen Chadi, gajere, kuma Kawu yana nemansa. Dabarar nemansa ita ce ta kusa kai mu gidan yari.

Kawu ya yi lissafi cewa Musulmi duk inda yake a duniya, wata rana sai ya zo Mina. Saboda haka kowace shekara yake karɓar aikin jagorar alhazai a tantunan mutanenmu, har bayan ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa da kyau. Matsalar ita ce shekaru sun canja fuska, kuma cikin harami duk tsofaffi kama suke. Sai ya cika aljihun ɗamararsa da lemo. Duk gajeren tsohon da ya gani mai ido ɗaya, ko mai ɗan tabo a gefen hagu, sai ya ja baya taku goma, ya sunkuya, ya wurgo masa lemo ta ƙasa yana tsalle.

"Idi ko ya kai shekara ɗari lemo ba zai wuce shi ba," in ji shi. "Hannun ne zai kama kafin kai ya yi tunani."

Shekarar da na raka shi, lemon ya sami wani alhaji ɗan Maraɗi a ƙauri. Tsoho ya dafe ƙafa yana salati, ya ce, "Bawan Allah, wurin jifa yana can gaba! Ni na yi maka kama da shi ne?" Jama'a suka taru, askar, wato ɗan sanda, ya iso. Ni kuwa ina ta lissafin yadda za a soke mini iƙama, takardar izinin zama, a ɗora ni a jirgi.

Askar ya tambayi Kawu me ke nan. Kawu ya ce sadaka ce.

"Sadaka ake yi da jifa a ƙasa, ya hajj?"

"Ni haka hannuna yake bayarwa."

Aka sake mu saboda furfurarsa. Amma bai iya cin abinci ba ranar, wai ya yi ƙarya a Mina. Sai da ya sa na sayo kwalin lemo guda muka raba wa alhazai hannu da hannu, don maganar ta zama gaskiya. Ni na ɗauki kwalin a ka, cikin ranar nan. Kafin mu gama rabo ya hango wani gajere, ya zari ɗaya ya sunkuya. Na riƙe masa hannu ina roƙonsa da girman Allah.

Muna dariyar waɗannan abubuwa, kuma shi ma bai hana ba. Sai da ya kwanta ciwon ajali na san abin da ke ƙarƙashinsu. Wata ranar Talata bayan la'asar na kai masa kunu asibiti, ya ce in ja labule.

Ya ce aikinsa na farko a filin, wanda bai bari ba ko bayan an ba shi littafi, shi ne kowace safiya ya bi wajen matashi na biyu da manjagara, ya tsince duwatsu, ya yayyafa ruwa. Idi kuwa lebura ne kamarsa, amma Allah ya ba shi hannu. Amurkawan suka gan shi yana cafke ƙwallo da wasa, suka ba shi safa, suka tsayar da shi gadin matashi na biyu. Har ana cewa wani baƙo zai zo wanda ke da hanya da ƙungiyoyin ƙwararru, zai kalle shi. Kawu ya ce bai sani ba ko gaskiya ne, amma Idi ya yarda, har ya fara koyon Turanci.

Ranar da baƙon ya zo, da safe Kawu ya ga wani dutse ya ɗan leƙo daga ƙasa, bai fi ƙwan kaza ba. Ya ce bari ya sha shayi ya dawo ya tone shi. Hira ta yi daɗi, bai dawo ba. Da aka fara wasa, aka mako wata ƙwallo ta ƙasa da ƙarfi, Idi ya tsuguna yadda ya saba, ƙwallon ta taka dutsen ta tashi ta same shi a idon hagu.

"Ƙa'idar wasan a fili take, Haruna," ya ce. "In ƙasa ce ta karkatar da ƙwallo, ba a rubuta wa mutum. Amma in ban rubuta ba, za a je a duba ƙasa. In aka duba ƙasa, ni ne. Shugaban 'yan kwangilar ya juyo ya dube ni, ana ɗauke Idi jini yana zuba. Na sunkuyar da kai na rubuta."

Ba wanda ya duba ƙasa. Da yamma Kawu ya tone dutsen ya jefar. Bayan mako biyu Idi ya fito daga asibiti, idon ya mutu, aikin ma an sallame shi. Ya zo ya sami Kawu ya ce a nuna masa littafin. Bai iya karatu ba, amma ya san alamar.

"Bala, kai ka rubuta?"

"Ni na rubuta."

"Ka ga dutsen?"

"Ban ga komai ba."

Idi ya cire safar daga hammata ya ajiye masa a kan tebur. Ya ce, "To riƙe, kai da ke da ido biyu." Ya juya. Ganin ƙarshe ke nan. Kawu kuma ya ƙara shekara tara yana cin albashi a filin nan.

Na ce, "Kawu, ai ka tuba. Ka yi ɗawafi nawa? Kuma wasa ne."

Ya harare ni da ɗan ƙarfin da ya rage masa. "Haka malamai shida suka ce mini, wasa ne. Idon ma wasa ne? Shaidar zur na yi, Haruna, da biro. Allah yana yafe nasa. Na bawa sai bawa." Ya huta, ya ce kada in kuskura in goge alamar, ba ni da iko, shi ma ba shi da iko. In kai wa Idi littafin da safar, in faɗa masa magana ɗaya. In ban same shi ba in faɗa wa duniya, ko da sunansa zai ɓaci. Da mai jinya ta shigo ta saki murfin allura a ƙasa, na ga yatsansa ya motsa a kan bargo, amma muryar ba ta fito ba. Kwana uku bayan haka ya cika.

Da a nan maganar ta tsaya, wataƙila da har yau ina jinkiri. Amma ranar da Goggo ta fita takaba ta aiko in zo. Na same ta zaune a kan akwatin ƙarfen, ta ce in rufe ƙofa.

Ta ce shekara goma sha ɗaya da suka wuce, rana ta biyu ta zaman Mina, Kawu yana can da lemonsa, wani ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansu a Shisha da hantsi. Gajeren tsoho ne da sanda, idon hagu a rufe, an yi masa askin alhazai sabo. Ya ce nan ne gidan Bala wanda ya yi aiki a gabas? Ta ce nan ne, amma ba ya nan. Ya nemi ruwa ta ba shi, ya sha a tsaye. Ya ce a Aziziyya aka sauke su, jibi za su wuce Madina. Sannan ya ce, "Ki ce masa Idi ya zo."

"Goggo! Ba ki faɗa masa ba?"

"Ya dawo da zazzaɓi, Haruna, ba ya gane mutane. Na ce bari ya warke. Da ya warke alhazai sun watse. Na ce in na faɗa masa yanzu, cewa yana can yana jifan mutane Idi kuwa yana ƙofar gidansa, zuciyarsa za ta buga. Na ce sai baɗi, wataƙila ya dawo. Baɗi ta zo, sai kunyar jinkirin ta hana ni." Ta share ido da gefen mayafi. "Kullum Juma'a ina kallonsa yana shafa man nan."

Na tambaye ta yadda fuskar mutumin take, ta mai fushi ce ko ta mai zumunci. Ta ce ba ta sani ba, ba ta iya kallonsa sosai ba. Tun ranar nake juya maganar. Mutum ba ya barin Mina a irin wannan rana, ya bi gida-gida da sanda yana tambaya, don abu ƙarami. Ko yafiya ya kawo, ko ya zo ne ya ce su haɗu gaban Allah. Ban sani ba. Na sake tambayar Goggo sau uku ko ta yarda in rubuta wannan ɓangaren, ta ce in rubuta, ita ma tana da nata a ciki.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Bala. Ya yi kuskure ɗaya da safe yana yaro, ya ɗauke shi a ka har tsufa bai taɓa cewa na wani ne ba bayan wannan rana. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sassauta wa Goggo Zulai, ka sanya tausayi a zuciyar wanda aka zalunta. Amin.

Roƙona gare ku, jama'a, musamman masu jagorar alhazan Chadi da Sudan da masu ba da hayar gidaje a Aziziyya. Sunansa Idrisa, ana ce masa Idi Gajere. Ban san sunan mahaifinsa ba. In yana raye ya haura tamanin. Idonsa na hagu a mace yake, ya yi aiki a gabas yana saurayi, kuma ya yi aikin Hajji shekara goma sha ɗaya ko sha biyu da suka wuce. Ku tura wannan rubutu gida, a karanta wa tsofaffi. Duk wanda ya san shi, ko ɗansa, ko garin da aka binne shi, ya faɗa wa wanda ya turo masa, maganar za ta iso ni. Kada ku ce sai kun tabbatar, ko zato ne ku faɗa, ni zan bi. In kuma wani ya riga ni isa gare shi, ina roƙonsa da Allah kada ya jira ni, kada ya ce sai gobe. Ya zauna kusa da kunnensa ya ce masa: Bala ya ga dutsen.